Wata uku da littafin ɗanyen abinci a kicin ɗina na Tudun Wada, Zariya

Ƙanwata ce ta kawo min littafin daga Abuja, a lokacin da nake ta ƙorafin nauyin jiki da cushewar ciki. Da Turanci aka rubuta shi, bugun Amurka, kuma daga bango zuwa bango girke-girke ne na abincin da bai hau wuta ba. Na yi aiki da shi tun shigowar hunturu har zafi ya fara leƙowa. Tunda malamai mata da muke koyarwa tare sun dame ni da tambayar ko su nemi irinsa, bari in faɗi abin da na gani da idona, na kuma ji a cikina.

Ƙa'idar masu wannan tsari ita ce kada zafin abinci ya wuce digiri 48 a ma'aunin Salsiyos. Ganye, 'ya'yan itace, ƙwayoyi irin su riɗi da yazawa, duk a ci su yadda Allah Ya halitta su, sai dai a jiƙa, a markaɗa, a tace ko a shanya. Abin ya daɗe a Turai. Tun wajen 1900 wani likita a Suwizalan, Bircher-Benner, yake ba majinyatansa gogaggen tuffa da jiƙaƙƙen hatsi. Da na karanta wa surukata wannan, dariya ta yi ta ce, "To 'yar nan, mu da muka tashi da gumba da yalo, wane likita ne ya rubuta mana?" Na ce, "Hajiya, ai ku ba ku buga littafi ba." Ta ce shi ya sa ba a sayar mana da tsada ba.

Inda littafin ya burge ni shi ne babin farko, wanda ya koyar da dabarun hannu. Ya yi bayanin awa nawa ake jiƙa kowace ƙwaya, da dalilin zubar da ruwan jiƙon, da yadda ake daidaita tsami da gishiri da maiƙo a miyar da ake zuba wa salak. Wannan na ƙarshen ya canza min kicin baki ɗaya. Da can salak a wurina kabeji ne da karas da ƙwai da bama mai yawa. Yanzu nakan jiƙa riɗi rabin gwangwani tun dare, da safe in markaɗa shi da ruwan lemon tsami biyu, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, gishiri da ɗan ruwa, ya fito fari mai kauri. Maigida da ba ya kallon ganye sai a miya, shi ne yanzu yake tambayar ko akwai saura. Littafin ya kuma nuna yadda ake murza ganye mai tauri da gishiri da lemon tsami har ya yi laushi kamar an turara shi. Na gwada da kabeji, ya yi.

Daga babi na biyu aka fara rabuwa da ni. Kusan kowane shafi sai an ce a kawo almon, ko wasu ƙananan 'ya'yan itace na ƙasashen sanyi, ko wani ganye da na zagaya kasuwar Sabon Gari ban samu wanda ya taɓa jin sunansa ba. Mai kayan gwarin da nake saye a wurinsa ya duba hoton a wayata, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, wannan ai sai dai ki haƙura da latas." Sannan marubuciyar ta ɗauka kowa yana da firij mai aiki dare da rana, da blenda mai ƙarfin injin niƙa, da na'urar busar da abinci da za ta kwana a kunne. A satina na biyu na haɗa madarar yazawa da kuɗina masu yawa, aka ɗauke wuta kwana biyu, ta yi tsami na zubar. Blendata kuwa ta ƙone a kan busasshiyar aya, laifina ne, ban jiƙa ta sosai ba. Amma na'urar busarwar nan ta ba ni dariya. Rana da iskar hunturun Zariya da suke busar mana da kauɗar tumatir da kuɓewa a kan tabarma, su ne Baturiya take saya da dala.

Sai na ɗauki biro na shiga rubutu a gefen shafuka. Inda aka ce almon na sa aya ko kwakwa. Inda aka ce wani ruwan zaƙi na kwalba na sa dabino. Inda aka ce 'ya'yan itacen can masu tsami na sa garin 'ya'yan kuka, wanda dama yana da bitamin C mai yawa: a jiƙa, a tace, a markaɗa da ayaba biyu, yara su shanye kafin ki juyo. Madarar ƙwayoyin da littafin ya ɓata shafi huɗu a kanta ashe kunun aya ce da wani suna. Nawa gwangwani biyu ne na aya da aka kwana ana jiƙa, dabino goma, rabin kwakwa da ɗan citta, kuma ba na haɗa wanda ya fi na shan rana ɗaya, don kowa ya san kunun aya ba ya jiran kowa. Lansir kuwa, wanda muke kwaɗawa ɗanye da tumatir da albasa, ya fi duk ganyen da ke cikin littafin ɗanɗano. Masu tsananin bin ƙa'ida za su ce ƙuli-ƙulin da ke ciki ya hau wuta, don haka kwaɗon bai cika ɗanye ba. Su suka sani. Ni ba zan ci lansir babu ƙuli ba.

Akwai wuraren da na ga littafin ya yi ganganci, kuma mai fara wannan abu a garinmu dole ta kiyaye. Maganar wanke ganye layi biyu kacal aka yi mata. Mu kuwa latas da kabejinmu daga lambunan rani suke fitowa, na bakin Galma da Kubanni da sauran fadamu, a ɗora su a mota a buɗe, a yayyafa musu ruwan da ya samu a kasuwa. Taifot da kwalara da tsutsar ciki ta nan suke shiga. Nakan ɓare ganye ɗaya-ɗaya, in wanke da ruwa mai tsabta sau uku, in jiƙa a ruwan gishiri da khal, in sake ɗaurayewa; karas da kokwamba kuma sai na fere. Babu ambaton rogo ko kaɗan, alhali rogo mai ɗaci yana da guba irin ta sayanaid idan ba a sarrafa shi ba. Wake ma ba a cinsa ɗanye. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da wasu cututtukan shanu. Akwai babi guda a kan tsirar da ƙwayoyi a cikin kwalba a ci tsiron, har da hulba. Na fara, sai na tuna cewa a 2011 tsiron hulba ne ya jawo ɓarkewar cutar E. coli a Jamus, mutum sama da 50 suka rasu. Ɗumi da laima da ƙwaya take so ta tsira su ne ƙwayar cuta take so. Na zubar da kwalbar.

Haka nan ban yarda da iƙirarin da aka buɗe littafin da shi ba, wai dafuwa tana kashe duk amfanin abinci. Gaskiya ne zafi yana rage bitamin C. Amma jiki ya fi samun sinadarin da ke ba tumatir ja idan an dafa shi, haka ma na karas. Kuma wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya zai rasa bitamin B12, don ganye ba ya ba da shi. An ambaci wannan a shafin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe, kamar mai jin kunya. Na gwada ɗanye zalla na kwana biyar a tsakiyar sanyi. Cikina ya kumbura, jiri ya kama ni a gaban allo ina tsakiyar darasi, ga ɗari. Daren kwana na biyar na zauna na ci tuwon masara da miyar kuka har da ƙari.

Abin da ya zauna min shi ne rabin faranti ɗanye, rabi dafaffe, da 'ya'yan itace da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma ba ta ce dole ɗanye ba. A kan wannan tsarin cushewar cikin ta tafi, shayin dare da burodi ma ya fita daga raina.

Ga mai son farawa, littafi irin wannan aro ya fi saye. Ki karanta babin dabaru, ki kwafe a ƙaramin littafinki, ki mayar wa mai shi. In kuwa sai kin saya, ki buɗe tsakiya ki ƙirga girki goma, ki ga nawa za ki iya haɗawa da abin da ke kasuwar Tudun Wada ko ta Samaru ba tare da firij ba. Nawa uku ne cikin goma. Bidiyon matanmu da ke YouTube ya fi min amfani wajen kunun aya da kwaɗo, don kayan da suke sa wa na san su, sai dai ina wuce duk wadda ta ce wani haɗi yana warkar da ciwon suga ko daji. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko ƙoda, ta fara zuwa asibiti ta ga masu ba da shawara kan abinci, ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda ya fi mata kusa. Kuma a fara da hunturu, lokacin da kayan gwari suke banza, kafin damina ta zo tumatir ya fi ƙarfin aljihu.

Littafin yana nan a saman kabad, gefensa duk biro. Ƙanwata ta ce in aika mata ta ga abin da na rubuta, na ce sai mangwaro ya shigo na gwada babin ƙarshe tukuna.