Gargaɗi: Maganaɗisu Ba Ya Shaidar Gwal

Jama'a, a yi hattara da masu tallar tsabar gwal da azurfa a Facebook da WhatsApp. Salonsu ɗaya ne: su ɗauki bidiyo, su kanga maganaɗisu a jikin tsabar, a ga bai kama ba, sai su ce ga shaida nan, gwal ne zalla, a turo kuɗi kafin wani ya riga.

Gaskiya ne maganaɗisu ba ya jan gwal ko azurfa. Amma ai ba ya jan tagulla, ba ya jan dalma, ba ya jan jan ƙarfe. Abin da yake kamawa shi ne baƙin ƙarfe da nikel da kobalt. Ɗan damfara ya fi kowa sanin haka, shi ya sa yake buga tsabarsa da tagulla ya yi mata wankan ruwan gwal. In maganaɗisu ya kama, jabu ce, magana ta ƙare. In bai kama ba, ba a fara bincike ba tukuna.

Abin da ke tona asiri shi ne sikeli da awo. Tsabar gwal ta fam ɗin Ingila giram 7.98 ce, Krugerrand ta Afirka ta Kudu mai oza ɗaya kuwa giram 33.93. Gwal ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, don haka jabu ko ta yi sakayau a hannu, ko ta yi kauri fiye da kima. Mai wuyar ganewa ita ce wadda aka cusa wa wani ƙarfe mai suna tongstin a ciki, domin nauyinsa kusan ɗaya da na gwal. Wannan sai na'urar masu sana'ar.

Akwai kuma masu juya zancen, su ce kwabon da ke manne wa maganaɗisu wani abin tarihi ne mai tsada. Ina! Tun 1992 Ingila ke buga kwabonta da ƙarfe a lulluɓe shi da jan ƙarfe, haka ƙananan santi na Yuro. A Amurka ma, kwabon 1943 na ƙarfe ne saboda yaƙi ya cinye jan ƙarfe. 'Yan kaɗan da aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure su ne masu tsada, sai macuta ke rina na ƙarfen su sayar a matsayinsu.

Duk wanda ya ƙi yarda a kai tsabarsa wurin maƙerin gwal da ku kuka zaɓa, a auna a gabanku, kada ku tura masa ko sisi, ko da da sunan kafin alƙalami ne.