Palo Duro ko Custer: ina za ka kai iyali da motar RV a watan Yuli?

Malam, na ga tambayarka: kuna Dallas, kai da maiɗakinka da yara uku, kuna so ku yi hayar motar RV, wato motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, ku kwana a gandun shaƙatawa na jiha a Yuli, kuma ka rasa zaɓi tsakanin Palo Duro Canyon a Texas da Custer a Dakota ta Kudu. Na kwana a duka biyun.

Palo Duro na kusa da Amarillo, tafiyar awa shida ce daga Dallas, ƙila bakwai tunda RV ba ta son gudu. Custer kuwa sai ka ware kwana biyu a hanya zuwa, biyu dawowa. Motar nan shan mai take kamar raƙumi ya samu rijiya, galan ɗaya da ƙyar ya kai ka mil 10, ga kamfanonin haya da yawa suna ƙara kuɗi a kan kowane mil. Ta fuskar aljihu, Palo Duro ta yi nasara tun ba a tashi ba.

Matsalarta zafi ne. Kwazazzabo ne mai zurfin ƙafa 800, na biyu a girma a Amurka, kuma wuraren kwanan suna can ƙasa, inda jan dutse ke riƙe rana kamar tanda. A Yuli zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. Kada ka ce ai mun saba da zafin Sakkwato, yaranka a nan aka haife su. Hanyar ƙafa ta zuwa Lighthouse, wani dutse mai siffar hasumiya, wadda kowa ke zuwa dominta, kusan mil 6 ce zuwa da dawowa, babu inuwar kirki. Mu mun kama ta bayan sallar asuba, kafin ƙarfe goma ruwan gorarmu ya zama kamar na shayi. Daga nan har la'asar muna cikin mota, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri. Abin da ya cece mu shi ne filayen RV na can suna da wuta da famfon ruwa a gefen mota. Bututun ƙazanta ne babu, sai ka tuƙa zuwa wurin juye tanki.

Custer tana kan duwatsun Black Hills, saboda haka da dare har bargo za ku nema. Filin ya kai eka 71,000, ɓauna sama da dubu suna yawo a sake. A hanyar Wildlife Loop mai mil 18, garke ya tsare mu wajen minti ashirin, wani ƙaton sa yana huci dab da madubin mota, ƙaramar 'yata ta ƙanƙame uwarta tana leƙe ta ƙarƙashin mayafi. Gaba kaɗan jakunan daji suka zo suna cusa kai ta taga suna roƙon abinci. Ga ninƙaya da kwalekwale a tafkin Sylvan, ga hawan Black Elk Peak, dutse mafi tsawo a jihar, ga Mount Rushmore, dutsen da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikinsa, a kusa. Yara ba za su ce sun gaji da zama ba.

Sai dai a Custer yawancin filayen wuta kaɗai gare su, ruwa kai za ka cika tankinka, kuma mutum biyar masu alwala sau biyar a rana suna ƙarar da tanki da wuri. Ku tafi da butoci, ku riƙa ɗiba a famfon sansani. Abu na biyu, kada ka kuskura ka hau Needles Highway, titin da ke ratsa cikin duwatsu, da RV. Ramin da aka fasa a dutsen faɗinsa kamar ƙafa 8 ne, motarka ba za ta shige ba, juyawa kuma aiki ne. Ka yi hayar ƙaramar mota ta yini ɗaya don wannan hanyar.

Batun kama wuri: Texas tana buɗe rajista wata biyar kafin ranar zuwa, Custer kuwa shekara guda, kuma filayen Yuli suna ƙarewa da wuri. Naman halal ka saya tun daga Dallas, ka daskarar da shi, don firjin RV ƙarami ne.

Idan kana da kwana goma kuma ka samu fili, Custer za ka je, ba ni da shakka. Idan hutun kwana uku ko huɗu ne, kada ka ƙarar da shi a kan titi. Ka ɗaga tafiyar zuwa Oktoba, ka kai su Palo Duro lokacin da za su iya isa Lighthouse da rana tsaka.