Masu kiwon kajin ƙwai a Kano, ku ji abin da wani ya yi min

₦510,000. Kaji 60 ya sayar min, kowace ₦8,500, wai satinsu 18, saura ƙiris su fara ƙwai. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Kuma kada wani ya ce ban duba ba. Shekarata 6 ina kiwo a Rijiyar Zaki. Na ɗaga fukafukansu, na hure gashin ƙasan jela, ban ga ko ƙwarƙwata ɗaya ba. Bayan azahar ya kawo su a adaidaita sahu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, tsakanina da Allah an ba su maganin tsutsa, ke dai kwasar ƙwai ce taki." Har ya bar min kejinan katakonsa kyauta. Ni kuma har da godiya, har da kawo masa ruwan sanyi!

Ashe masifar tana cikin katakon. Wasu ƙananan ƙwari ne, da rana suna ɓoye a tsagar katako, sai dare su hau kaza su sha jini su koma jajaye. To da azahar me zan gani? Kajin ba sa barci, sai susa da saran juna, magariba ta yi su ƙi shiga ɗaki. Zankonsu ya koɗe fat. Tsofaffin kajina da nake kwasar kiret biyu kullum, yanzu ɗaya da ƙyar, ɓawon duk ɗige-ɗigen jini.

Wannan ma daga baya ne. Tun satin farko, ko dai kwana goma, sababbin kajin suka fara zawo da rama alhali suna cin abinci. Da ɗaya ta mutu likitan dabbobi ya buɗe hanjinta, fararen tsutsotsi tsawon yatsa. Ya ce sai sun yi makonni kafin su kai haka, da su aka zo. "Tsakanina da Allah," haka fa mai kajin ya ce, yana kallon idona.

Bakwai sun mutu. Lambarsa a kashe, a WhatsApp ya toshe ni. Hoton hirarmu da shaidar tura ₦510,000 ɗin duk suna nan, anjima zan saka.

Ku ware sababbin kaji sati biyu, ku haska kejinsu da tocila da daddare, kada ku karɓi kejin kowa. Nasa dai na ƙona su jiya. ₦510,000, kuɗin adashina na shekara guda, maigida ma ban faɗa masa adadin ba.