Bargon ƙarƙashin gadon lilo: na gashin agwagwa ko na zaren roba?

Wanda ya kwana a gadon lilo (ƙyallen kwanciya da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu) a dajin Yankari cikin Disamba ya san sanyin asuba ta baya yake shigowa. Nauyin jiki yana danne bargon da aka kwanta a kai, iska ta ratsa. Shi ya sa ake rataya wani daga ƙarƙashi.

Na gashin agwagwa ba nauyi, ka dunƙule shi ya shige gefen jaka. Sai tsada, kuma da ya jiƙe ɗumi ya tafi. Na zaren roba ya fi cika jaka, amma yana jure laima, ga saurin bushewa.

Hunturunmu busasshe ne, duka biyun za su yi. Ni dai na roba nake zaɓa: ƙurar Bauchi sai da wanki, gashi kuwa ba ya son yawan wanki.