Fatar ƙofar kabad: mai rufewa a hankali ko mai sifirin?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tunda kafintanki ya ajiye miki fata iri biyu, wato ƙarfen nan da ke haɗa ƙofa da jikin kabad, mai rufe ƙofa a hankali da kuma tsohuwar nan mai sifirin, ya ce ki zaɓa, to ɗauki mai rufewa a hankali. Duka biyun na yi amfani da su a kicin ɗaya, shi ya sa ban tsaya kwana-kwana ba.

A 2019 muka sake gyaran namu, ƙofofi 16, muka sa ta kamfanin Blum na ƙasar Ostiriya. Ɗakin surukata bango ɗaya ne da kicin ɗin. Hajiya ba ta azumi saboda ciwon suga, kuma barcinta ba nauyi, ko cokali ya faɗi sai ta farka. Shekara da shekaru, duk watan azumi, in na tashi haɗa sahur da ƙarfe uku da rabi sai na riƙa rufe kabad kamar mai ɗaukar ƙwai, duk da haka sai wata ƙofar ta ƙwace ta bugu. Ba ta taɓa yi mini magana ba, tarinta kawai nake ji. Azumin farko bayan gyaran, ana kwana biyar ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Na daina jin motsinki da sahur." Ta zaci ba ni da lafiya ne. Har yau in na tuna sai in ji daɗi a raina. Ga kuma yara. Autana yana tura ƙofa da iya ƙarfinsa, sai ta zo dab da rufewa ta tsaya, ta ƙarasa da kanta. Ba yatsan da ya sake matsewa a gidan nan.

Abin da ke cikin fatar mai rufewa a hankali ɗan ƙaramin bututu ne mai ɗauke da mai, shi ke riƙe ƙofar a ƙarshen tafiyarta. Mutane na ɗauka don gayu ne ko don shiru kawai, alhali babban amfanin yana jikin katako. Yawancin kabad ɗin da ake yi yanzu da MDF ne, garin katako da aka matse da gam. Kowane bugun ƙofa yana girgiza sukurun da ke riƙe da fatar, kuma MDF in ramin sukuru ya buɗe sau ɗaya, ba ya sake kamawa da kyau. Daga nan ƙofa ta fara leƙe, ta karkace, tana gogar 'yar'uwarta. In ba bugu, sukuru na zaune lafiya.

Ki nemi wadda ake ɓallewa da ɗan maɓalli a bayanta. Duk ƙarshen shekara ina cire ƙofofin da ke kusa da murhu da hannuna, in wanke maiƙon da ƙurar hunturu ta daskare a kai, in mayar, ba tare da na kira kowa ba. Kuma mai kyau tana da wurin daidaitawa uku: gefe, sama da ƙasa, ciki da waje. In ƙofa ta ɗan sauka bayan damina, juyi ɗaya da sukundireba ya isa.

Mai sifirin kuwa, tana buɗewa tana rufewa, kuma ta fi araha. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan. Tawa ta 2016 damina biyu ta yi, ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta yi tsatsa, ƙofar ta faɗo mini a ƙafa.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Kada ki bar wa kafinta sayen fatar, ko da kin yarda da shi. Ki je da kanki ko ki tura maigida, a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano za ku samu iri-iri. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah, akwai kuma wanda zai ɗora miki ta gaske a kan teburin shagonsa ki taɓa ki ji nauyi, sannan yaronsa ya cika leda da wata daban daga ciki. An yi mini. Har sunan Blum da na Hettich ta Jamus akan buga a jikin jabu. Ki buɗe kowace leda a gaban mai shagon. Ki danna fatar da hannunki: ta gaske tana komawa a hankali ba tare da tsalle ba, ta jabu ko dai ta fizge ko ta maƙale a hanya. In kin ga danshin mai a jikinta, ajiye ta, ta riga ta fara yoyo.

Sai maganar "ba ta tsatsa". Ki tafi da ɗan maganaɗisu. In mai shago ya ce miki sitenles ce, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, amma maganaɗisu ya kama ta ƙam, ƙarfe ne aka yi wa rufi. Wannan ba laifi ba ne a kabad ɗin sama, yawancin fatu masu kyau ma haka suke, laifin shi ne a karɓi kuɗin sitenles a kansa. Sai dai maganaɗisu ba ya raba sitenles mai lamba 304 da mai lamba 201, dukansu ba ya kama su sosai, alhali 201 ba ta kai 304 jure danshi ba. Don ƙarƙashin wurin wanke-wanke ki dage kan 304, a rubuta miki a rasit, da sharaɗin za ki dawo da ita in ta canza launi.

Kafin ki fita ki sa kafinta ya rubuta miki abu uku. Na farko irin lanƙwasar fatar, don akwai miƙaƙƙiya, da mai rabin lanƙwasa, da mai cikakkiya, ya danganta da yadda ƙofar ke zama a jikin kabad, in aka sayo wadda ba ita ba ƙofa ba za ta rufu ba. Na biyu faɗin ramin da fatar ke zama a jikin ƙofa, wanda aka saba milimita 35 ne. Na uku adadi: ƙofar da ba ta wuce santimita 90 ba fata biyu, mai tsayi zuwa 160 uku, doguwar kabad ɗin ajiye kayan abinci huɗu. Wasu kafintoci kan sa biyu a ko'ina don su rage aiki. Kabad ɗin kusurwa kuma tana son mai buɗewa sosai, ta digiri 165 ko 170, ba ta 110 da ake sa wa sauran ba.

In kuɗin bai kai ba, ki rage a mariƙin ƙofa. Shi sukuru biyu ne, duk ranar da Allah ya hore sai ki canza, muddin tazarar ramukan ɗaya ce, kamar milimita 128 da ake samu ko'ina. Ki dai guji mai ruwan gwal da ke ɓarewa, da dogon nan mai bakin da ya fito waje, yana kama zani da hijabi. Ki saya da rarar fata biyu ki ajiye a durowa. Allah ya sa a gama lafiya.