Toka da lemun tsami, ko kwalba mai koren ganye?

Amarya, tsakanin kwalbar sabulun ruwa ta butik mai hoton koren ganye da aka rubuta wa "bio", wai ba ta cutar da muhalli, da haɗin gida da kika tambaya, ni haɗin gida zan ce miki, kuma ba don arha kaɗai ba. A Damagaram ruwa ne ke raba wannan gardama. Duk wadda ta taɓa kwana jiran pampo a watan Afrilu, ko ta bi ƴan ga-ruwa tana roƙon bido biyu, ta san ba da kumfa ake auna abin wanki ba, da ruwan da zai ci kafin ya fita ake auna shi.

Nan toka ta yi wa kowa zarra. A gidanmu na Birni, washegarin Layya, tukwanen suya kan taru da kitse ya daskare a gindinsu fari fat. Innarmu sai ta kwashi tokar murhu, ta tankaɗe da rariya, ta yayyafa mata ruwa har ta yi kaurin kunu, ta shafe tukunyar ciki da waje, ta tafi ta yi wani aikin. In ta dawo, soso kawai za ta sa, ta ɗauraye da moɗa ɗaya, ki ja yatsa a kai ki ji yana ƙara. Har yau haka nake yi a gidana, kuma ba camfi ba ne. Tokar itace na ɗauke da gishirin potas, wanda in ya gamu da maiƙo yake narkar da shi ya mai da shi kamar sabulu. Sabulun salo ma asalinsa ke nan, tokar ɓawon koko ko na ayaba da aka dafa da mai irin man kaɗe. Sai dai ki lura, tokar itace ko ta karan hatsi nake nufi. Wadda aka hura wutarta da leda, zubar da ita.

Kwalbar kuwa na taɓa saye. Ƙamshi akwai, tana wanke kofuna, amma kumfarta ta sha mini ruwa, robar kuma ta ƙare a bola.

Kanwa ta fi toka ƙarfi, kuma tamu ce, daga ƙasar Manga ake kawo ta. Ki jiƙa ƴar kaɗan a ruwan zafi ki tsoma tsumman madafa da ya sha mai, da safe za ki ga aiki. Amma tana da hali. Tana baƙanta tukunyar alminiyum in ta daɗe a ciki, tana busar da hannu, kuma gishirinta na kashe ƙasa a hankali. Ruwan ɗaurayar toka ko na sabulun salo nakan zuba wa bishiyar tsakar gida jifa-jifa, na kanwa kam ba na kai shi gindin zogale.

Lemun tsami aikinsa daban. Farin dabbaren nan da ke kama cikin butar shayi da bakin pampo, tsami ne ke cinye shi. Ki matse biyu a ruwa ki tafasa a butar. Yana kashe ƙarnin kifi a wuƙa da faranti. Binegar fari ma haka. Kada dai ki bar su suna kwanciya a daɓen siminti, suna cin sa. Bidiyon nan da ke yawo a Facebook, ana zuba binegar a kan bikarbonat yana tafarfasa, ba wanki ba ne. Ɗaya tsami, ɗaya ɗan uwan kanwa, suna haɗuwa suke kashe ƙarfin juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowanne a yi aiki da shi shi kaɗai.

Wuri biyu ne ba na yarda da haɗin gida, ba na kuma yarda da koren ganye: makewayi, da lokacin da wani ke amai da gudawa, musamman da damina da kwalara ke yawo. Nan jabel ne, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, babu wani zance. Ki ajiye shi a inuwa don rana na rage masa ƙarfi, kuma don Allah kada ki taɓa haɗa shi da lemun tsami ko binegar. Iskar kolorin yake fitarwa, a ɗaki rufe tana iya shaƙe mutum.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu ɗure. Akwai masu tsintar kwalaben da aka yar, su cika da sabulun ruwa mai koren launi, su ƙara gishiri ya yi kauri, su ce miki daga waje ya zo. Kalmar "bio" kowa na iya bugawa a takarda. Ki duba murfin ko an taɓa ɓalle shi, ki nemi sunan kamfani da jerin abin da ke ciki. In babu, ajiye musu kayansu. Sabulun ruwan da mata ke haɗawa a unguwa akwai mai kyau ƙwarai, amma ki saya wurin wadda kika sani, don in soda ta yi yawa hannunki ne zai saɓule. In kuma a robar ruwan sha aka zuba miki, kina isa gida ki sauya masa mazubi ki ɗora sama, yaro ba ya bambancewa.

Ranar Alhamis ki shiga kasuwar Dole ki sayi soso biyu, curin sabulun salo, kanwar dala ashirin da lemun tsami, ki haɗa da jabel ɗaya mai rufaffen murfi. In da gas kike girki, ki aika maƙwabta su ɗebo miki toka, ki gaya wa ɗan aiken ta itace kike so.