Jan ƙarfe ko azurfa wajen sarrafa iskar CO2 (carbon dioxide) da wutar lantarki?

Ɗaliban kemistiri a Samaru sun sha tare ni: "Malam, wanne za mu ɗora a lektirod?"

Lektirod shi ne farantin da wutar lantarki ke bi ta kansa ta juya CO2 zuwa wasu sinadarai. Jan ƙarfe ya fi araha, kuma cikin ƙarafa zalla shi kaɗai ke juya CO2 zuwa etilin (iskar da ake yin roba da ita) da etanol (nau'in alkohol) masu auki, kamar yadda Yoshio Hori na Japan ya nuna a shekarun 1980. Sai dai yana fitar da sinadarai barkatai, rarrabe su kuwa jan aiki ne. Fuskarsa ma kan sauya ana cikin gwaji.

Azurfa akwai tsada, amma kusan iskar CO (carbon monoxide) kaɗai take bayarwa, aunawa ba wahala.

Ɗalibi mai ƙarancin lokaci da na'urori, azurfa ta fi masa. Mai neman etilin, in yana da haƙuri, ya riƙe jan ƙarfe.